Yadda za ka haɗa tayar katako irin ta mutanen da, ba ƙusa ba gam

Ɗan ƙanwata yana karanta ilmin tonon kayan tarihi a Zariya. Wani hutu da ya zo gida ya same ni a shago a Tudun Wada ina haɗa ƙofa, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi wannan. Za ka iya yin irinta?" Hoton wata taya ce ta katako zalla, ta yi baƙi saboda daɗewa. Na ce masa wannan ai aikin yini ɗaya ne. Ya ce, "To amma da sharaɗi, Kawu. Ba ƙusa, ba gam, domin masu ita ko baƙin ƙarfe ba su sani ba." Yini ɗayan nan sai da ya kai mu wata huɗu. Abin da na koya a wata huɗun shi ne nake so in shimfiɗa a nan, ko wani kafinta ko malamin makaranta zai so ya gwada da yaransa.

Tayar da ya nuna mini an tono ta ne a shekarar 2002 a wata fadama kusa da birnin Lubliyana na ƙasar Sulobeniya, kuma gwaji ya nuna ta haura shekara 5,000. Faɗinta kusan santimita 70, wato wajen inci 28 a awonmu na kafintoci, kaurinta wajen inci 2. An same ta tare da sandar da take juyawa a kai, wadda tsawonta ya ɗan haura santimita 120. Falanki biyu aka haɗa na wata bishiyar Turai da suke kira ash, aka ɗaure su da sanduna huɗu na bishiyar ok. Ramin tsakiyarta kuma mai kusurwa huɗu ne, ba zagayayye ba. Ka riƙe waɗannan abubuwa uku, falankai, sandunan ɗauri, da rami mai kusurwa, domin su ne aikin gaba ɗaya.

Abu na farko, kada ka yanka gungume a kwance. Ni abin da na fara yi ke nan. Na samu gindin darbejiya da aka sare a unguwa, na sa aka yanko mini faifai guda kamar yadda ake yanka albasa, na ce ai ga taya Allah ya riga ya zagaye ta. Na kankare, na huda, ta yi kyau ƙwarai. Lokacin ƙarshen Nuwamba ne, iskar hunturu ta fara busawa. Kwana tara na zo da safe na tarar ta tsage daga cibiya har baki, tsagar da yatsana ke shiga. Abin ya dame ni, domin shekara da shekaru ina aikin katako, ya kamata a ce na hango.

Dalilin yana cikin halin itace. Idan yana bushewa, kusan ba ya raguwa a tsawonsa. A kewaye yake tsukewa, kuma tsukewar kewayen ta kusa ninka wadda yake yi daga cibiya zuwa ɓawo. To faifan da ke da cibiya a tsakiyarsa ba shi da inda zai kai wannan bambanci, dole ya buɗe baki. Dubi gindin tsohon turmi, za ka ga irin tsagar. Bayan haka, jijiyar itacen da ke cikin faifan ba ta wuce inci 2 ba, nauyi kaɗan zai ɓalle ta. Sannan ɓangaren da zai riƙa taka ƙasa shi ne farin itacen da ke bayan ɓawo, wanda ya fi kowane saurin ruɓewa. Mutanen da sun san duk wannan. Shi ya sa tayoyin da ake tonowa, daga Turai har Iraki, da falankin da aka tsaga a tsaye aka yi su, jijiya na tafiya daga wannan baki zuwa wancan.

Su a zamaninsu ba su da babban zarto. Gungume suke samu su kafa masa weji na itace mai tauri, su yi ta bugu har ya rabe, sannan su sassaƙe da gizago na dutse ko na tagulla. In kana son ka bi sawunsu sak, nemi masassaƙi ya taya ka, irin masu turmi da akushi, domin hannunsu ya fi namu sanin gizago. Ni dai na gwada tsaga madaci da weji ya ƙi, saboda jijiyarsa a murɗe take, sai ya riƙa yagewa. Na haƙura na je wajen masu katako na sayi yankakken falanki mai inci 2 da 12. Shawarata ke nan ga mai farawa. Madaci ya yi don falankan. Malaina ma ta yi in ƙaramar taya za ka yi ta nuna wa ɗalibai, ga sauƙin sassaƙa ga rashin nauyi. Sandunan ɗauri kuwa a samu ƙirya ko kawo, busasshe ƙarau. Maɗobiya tana da kyau, amma a bar ta ta huta, an sare ta da yawa a dazuzzukanmu ana fita da ita waje.

Ka zaɓi falankin da ba shi da cibiyar bishiya a cikinsa, ba kuma ƙulli a inda ramin tsakiya zai faɗa. In ɗanye ne, jingine shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa, ya yi aƙalla wata biyu. Nan ne yawancin wata huɗunmu ya tafi.

Tunda samun falanki mai faɗin inci 14 yana da wuya a kasuwa, mu da uku muka yi maimakon biyu. Ba mu kauce wa tarihi ba, domin taya mai falanki uku ita ce ta fi yawa a duniyar da. Yanke guda uku, kowanne tsawon inci 30. Na tsakiya a bar shi da cikakken faɗinsa, shi zai ɗauki rami da nauyi. Na gefe biyu a rage su zuwa inci 8 da ɗan ɗori. Sai ka gyara gefunan da za su haɗu har su kwanta da juna. Ga yadda nake gwadawa: in goga gawayi a gefen ɗaya, in manna shi da ɗayan in ɗan ja, duk inda baƙi ya kama nan ne tudu, sai in kankare. Ka yi ta yi har in ka ɗaga su a rana haske ba ya ratsawa. Tunda babu gam, wannan haɗuwar ita ce rabin ƙarfin tayar.

Yanzu sai ɗaurin, wanda shi ne ya sa na cire wa mutanen nan hula. Jera falankan uku a kan benci, ka matse su da igiya ka murɗa da sanda. Kada ka zagaye su tukuna, aiki ya fi sauƙi suna da kusurwa. Nemo tsakiyar falankin tsakiya, ka huda ɗan ƙaramin rami ya fita ta baya, don alamar ta zauna a fuska biyu. Daga nan auna inci 6 sama, inci 6 ƙasa, ka ja layi biyu da suka gicciye falankan duka uku. A kan kowane layi za ka haƙa kwari, zurfinsa kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon.

Kwarin nan ba miƙaƙƙe ba ne. Cikinsa ya fi bakinsa faɗi, kamar tulu. Mu mun yi bakin inci ɗaya da rabi, ƙasan inci 2. Ka karkata zarto ka yanka gefe biyun, sannan ka cire tsakiyar da kurfi a hankali. Sandar da za ta shiga ita ma a sassaƙe ta da wannan siffa, ƙasa da faɗi sama a tsuke, yadda in ta shiga ta gefe ba ta da hanyar fitowa ta sama. Irin wannan ɗauri ne aka gani a tayoyin da aka tono a bakin tafkunan Suwizalan da kudancin Jamus, waɗanda suka kusa shekara 5,000. Akwai ƙarin dabara ɗaya: kwarin da sandar duka su ɗan tsuke daga wannan kai zuwa wancan, kamar kwatan inci a duk tsawon. Ta haka sandar za ta shiga sakwa-sakwa da farko, tana tafiya tana kamawa. Ta farko ka buga ta daga dama, ta biyu daga hagu, don matsin ya daidaita.

Da gudumar katako ake bugawa, ta ƙarfe tana fasa kan sandar. Ka saurari sautin. Da farko za ka ji shi fanko, ƙwal-ƙwal, in ta kama sai ya koma dim-dim, kamar kana bugun abu guda. Nan za ka tsaya. Na ƙara bugu biyu bayan nan a gwajinmu na farko, leɓen kwarin ya ɓalle, sai da muka sake falankin gefe. In sandar ta tsaya da saura mai yawa, fito da ita, duba inda ta yi sheƙi, kankare wurin kaɗan, mayar. Sau shida muka fitar da ɗaya kafin ta zauna. Da muka kwance igiya, yaron ya ɗaga katakon ya jijjiga da ƙarfinsa, ko motsi. Ya ce, "Kawu, wallahi kamar falanki ɗaya."

Zagayewa ba ta da wuya. Soka tsinke a ramin tsakiya, ɗaura zare mai inci 14, ɗaura fensir ko gawayi a bakinsa, ka kewaya. Yi haka a fuska biyu. Zubar da kusurwoyi da zarto, huɗu su zama takwas, takwas su zama goma sha shida, sauran gizago da magagari su ƙarasa. Sai dai ka lura, a kewayen taya ɗaya za ka gamu da itace iri biyu. Inda kan jijiya ya fito yana da tauri, gizago na tsalle. Inda jijiya ta kwanta kuma yana da saurin yagewa, sai ka bi ta gangare, kada ka sare ta ta hawa. Wannan bambanci ba ya ƙarewa a shago. A kan hanya ma gefen da jijiya ta kwanta ya fi saurin cinyewa, har taya ta koma kamar ƙwai. Mutanen tsohuwar Iraki sun magance shi da naɗa fata a bakin taya, wasu kuma suka jera ƙusoshin tagulla a kewayen. In kana da ɗanyen ƙirgi, jiƙa shi ka naɗa, yana bushewa zai ƙara matse falankan.

Kafin ka huda babban rami sai ka yanke shawara, domin hanya biyu ce tun asali. Ta farko ita ce ta Lubliyana: rami mai kusurwa huɗu, sanda ta kama taya kam, su juya tare a ƙarƙashin amalanke. Ta biyu, wadda aka fi samu a filayen arewacin Bahar Aswad da arewacin Turai, sanda a kafe take, kowace taya na juyawa da kanta a kan zagayayyen rami. Ta biyun ta fi daɗin kwana, amma tana son cibiya mai kauri, in ba haka ba taya ta riƙa rawa tana cin ramin. Masu yin ta sukan bar tudu a tsakiyar falanki tun wajen sassaƙa, ka ga ke nan sai an fara da katako mai kaurin gaske a zubar da fiye da rabinsa. Da falankin inci 2, ta farko ce taka.

Zana murabba'i mai inci 2 da rabi a fuska biyu, ka tabbatar da sukwaya cewa sun yi daidai da juna. Haƙa daga wannan fuska zuwa rabi, juya, ka ƙarasa daga ɗayar. In ka ratsa ta fuska ɗaya, bayan zai fashe. Sandar kuwa ƙirya ce mai tsawon ƙafa 4. Kawunanta biyu a yi su da kusurwa daidai ramin, a bar kafaɗa inda taya za ta tsaya. Wurare biyu da gangar amalanken za ta zauna a kai, su za a zagaye sumul. Bayan taya ta shiga, tsaga kan sandar kaɗan ka buga siririn weji a ciki ya buɗe ta, yadda ake yi wa ƙotar guduma. Ka kula da inda wejin ke turawa: ya tura ta tsawon jijiyar falanki. In ya tura ta faɗi, kai da kanka ka tsaga tayarka.

Mun yi biyu, kowace ta kusa kilo 15 a sikelin mai sayar da hatsi na kusa da mu. Muka yi 'yar gangar amalanke, muka sa katako biyu masu baka a ƙasanta suka hau kan sandar, muka shafa man kaɗe. Kitsen shanu ma yana yi. Muka ɗora buhun siminti biyu muka tura cikin layi. Kukanta kaɗai ya fito da yaran unguwa. A miƙe tana tafiya lafiya lau. Da muka zo kwana sai ta cije, domin tayar waje tana bukatar ta fi ta ciki gudu, sanda ɗaya kuma ta ɗaure su, dole ɗaya ta ja ƙasa. Wani mai kurar ruwa da ya tsaya kallo ya ce, "Maigida, wannan ai sai an ɗaga mata gindi a kwana." Gaskiyarsa. Abin da mai kurar nan ya gani cikin minti ɗaya, shi ne ya raba masu yin taya gida biyu shekara dubbai da suka wuce.

Da dare yaron ya riƙa nuna mini sauran. Wata tukunya daga Bronocice a ƙasar Folan, wadda ta kai shekara 5,500, da zanen amalanke mai taya huɗu a jikinta. Wani akwati daga birnin Ur na Iraki, mai shekara wajen 4,500, yana gidan tarihin Birtaniya da ke Landan yanzu, an zana kekunan yaƙi a kai, har ana ganin layin da falankan taya suka haɗu. Na daɗe ina kallon wannan, domin mai zanen ya san abin da kafinta ya yi. Sai wata da aka tono a Must Farm a Ingila a 2016, faɗinta mita guda, shekararta wajen 3,000. Taya mai haƙarƙari irin ta keke ba ta bayyana ba sai wajen shekara 4,000 da suka wuce, a kaburburan Sintashta na ƙasar Rasha, kuma irinta ce a kekunan doki shida da aka samu a kabarin Fir'auna Tutankamun bayan an buɗe shi a 1922. Wannan wani aiki ne daban, na lanƙwasa itace, shi kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban kai nan ba tukuna.

Na tambaye shi, to mu fa? Ya ce akwai zanen kekunan doki a duwatsun Sahara, har da na Azbin, ke nan labarin taya bai tsaya a bakin teku ba. A ganina kakanninmu lissafi suka yi. Jaki da raƙumi da takarkari ba sa neman a share musu hanya, ba sa cijewa a yashi, ba sa lumewa a laka kamar tayar kilo 15. Wanda ya taɓa tura kaya a layukan Rigasa cikin Agusta ya san abin da nake faɗa. Gwanintar itace kuwa muna da shaidarta da ta girmi duk tayoyin nan. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da ke jihar Yobe yanzu, ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, kuma daga dangin madaci aka sassaƙa shi.

Abin da ya ajiye kwalekwalen shi ne ya ajiye tayar Lubliyana: laka mai ruwa wadda iska ba ta shiga, inda gara da ruɓa ba su da iko. Saboda haka in kana haƙa rijiya ko yashi a bakin kogin Kaduna ka ci karo da itacen da ke da alamar sassaƙa, kada ka fito da shi rana. Itacen da ya sha ruwa shekara dubbai, ruwan ne ke riƙe da siffarsa, yana bushewa zai tsuke ya farfashe cikin 'yan kwanaki. Rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, bar shi a inda yake, ɗauki hoto, ka sanar da gidan tarihi da ke titin Ali Akilu a Kaduna. Kada a shafa masa mai ko fenti, domin daga ɗan guntunsa ake auna shekarunsa ta hanyar sinadarin kabon da ke raguwa da rabi duk shekara 5,730, kuma mai yana ɓata awon. Jihar Kaduna da ta fitar da gumakan Nok ba a san abin da fadamunta ke ɓoye ba.

Taka tayar kuwa gara ce abokiyar gabarta. Kada ta kwana a ƙasa, rataye ta a bango inda iska ke wucewa, nesa da rana. Sannan ka jira hunturu. Falankan za su tsuke a faɗinsu, sandunan ɗauri kuwa ba za su ragu a tsawo ba, sai ka ga kawunansu sun leƙo waje, 'yar kafa kuma ta buɗe tsakanin falankai. Ba lalacewa ba ce. Tsayar da ita a kan benci, bugi falankan gefe su koma ciki, ƙara wa kowace sanda bugu ɗaya ko biyu ta kanta mai kauri, ka yanke abin da ya leƙo. Namu a watan Fabrairu sun leƙo da kusan kwatan inci kowane gefe. Kada ka matse su ƙarshen matsewa, bar musu kafar da farce zai shiga, domin ruwan Yuni na sauka za su kumbura su cike ta.